Akuyar karatu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yaron da muka kai lakwal bana yana da shekara 13 a gabansa kafin ya isa jami'a: 6 a firamare, 4 a koleji, 3 a lise, in bai maimaita aji ba.

A da, jami'ar gwamnati ɗaya ce, ta Yamai. A shekarar 2010 aka kafa ta Maraɗi, da ta Damagaram, da ta Tawa. Tafiya ta ragu, amma ɗawainiya tana nan. Kuɗin rajista ba su ne masu nauyi ba. Abin da ke karya uba shi ne hayar ɗaki, da abinci, da kuɗin mota, da takardu, da magani. Tallafin gwamnati kuwa ba kowane ɗalibi ke samun shi ba.

Mu lura da wani abu. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, da kaka. Lokacin nan kowa na kai hatsi kasuwa, tiya ta faɗi. Wanda ya buɗe rumbu don ya sallami ɗalibi, ya sayar da araha. Da damina kuma zai sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi. Saboda haka kada mu ɗora karatu bisa rumbu.

Mu ɗora shi bisa akuya. Ranar da aka rubuta sunan yaro, ko yarinya, mu ware akuya guda, mu ce ta karatu ce. Jar akuyar Maraɗi ta dace da wannan aiki. Cikinta wata 5 ne, tana yawan haihuwar biyu, kuma in ta samu kulawa takan haihu sau 3 cikin shekara 2. Mu bar matan su hayayyafa. Bunsuran mu sayar, mu sayi ɗan rago, mu turke shi har Layya. Mu tanadi harawa da dusa tun kaka, kuma kada allurar rigakafi ta wuce mu.

Sai dai fari da cuta suna kashe dabba. Don haka wani kashi ya zama kuɗi. Mata sun riga mu sanin hanya: asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara, a 1991. Mai zuba dala 100 kowane mako, a shekara ya tara jika 26. A shekara 13, jika 338 ke nan.

Abin da ya fi cinye irin wannan ajiya shi ne biki da suna. Kunya ke sa a kama akuyar karatu a kai kasuwa. Maigida da uwargida su yi magana ɗaya tun farko: rashin lafiya kaɗai ke taɓa ta. Tunda yanzu mun iya rubutu, mu sayi ƙaramin littafi. Duk haihuwa, duk sayarwa, duk zubi, mu rubuta da ranarsa, yaron kuma ya riƙa karanta mana lissafin.