Yadda Ake Karanta Rubutun Latin a Jikin Tsofaffin Kuɗi

A Tozai da sauran garuruwan bakin iyaka na Illela, kuɗin ƙasa biyu ne ke kwance a tsofaffin adudai, na Ingila da na Faransa. Don haka ka fara da tankaɗe da rairaya. Tamma da dalar da suka biyo ta Ƙonni Faransanci ne a jikinsu, ka ajiye su gefe. Latin yana kan anini, ɗari, kobo mai huji, da sule mai itacen kwakwar manja, kuɗin hukumar da Turawa suka kafa wa Afirka ta Yamma a 1912.

Wanke kuɗin da ruwa da sabulu kawai. Don Allah kada ka dirje shi da toka, yashi ko lemun tsami. Haruffan sun riga sun sha hannu, dirza ɗaya na iya shafe abin da ya saura, kuma masu tara irin waɗannan kuɗi ba sa son wanda aka goge.

Sai ka karkata shi a hasken hantsi, ka kwafe rubutun a takarda, kana bin da'irar yadda hannun agogo ke tafiya. Kada ka tsallake ɗigo, domin shi ke nuna an gutsure kalma. V kuwa sau da yawa U ce, GEORGIVS shi ne Sarki George.

Abin da ke gabanka kirarin sarki ne aka taƙaita. A kan kobo za ka ga GEORGIVS V REX ET IND: IMP:. V a nan na biyar ne, REX sarki, ET da, IND: IMP: sarkin sarakunan Indiya. Na sule ya fi tsawo: D.G. da yardar Allah, BRITT: OMN: REX sarkin dukkan ƙasashen Birtaniya, F.D. mai kare addini, wato na Kirista.

Amfanin karatun yana fitowa ne idan shekarar ta shafe. Indiya ta sami 'yanci a 1947, daga 1949 aka sauke IND: IMP:, kobo ya koma GEORGIVS SEXTVS REX, George na shida. In ka ci karo da EDWARDVS VIII, na 1936 ne ba wata ba, domin a shekarar ya hau, a cikinta ya yi murabus. Duba kuma ƙaramin harafi a ɓoye: H ko KN, masana'antun Birmingham ne da suka buga shi.

Liyarin da iyayenmu mata ke ratayawa shi ya fi ruɗa mutane. M. THERESIA D.G. R. IMP. HU. BO. REG. na nufin Mariya Tereza, da yardar Allah sarauniyar daular Rum, sarauniyar Hungari da Bohemiya. A bakinsa an rubuta IUSTITIA ET CLEMENTIA, adalci da rangwame. Amma 1780 da ke bayansa shekarar rasuwarta ce, an ci gaba da buga shi da ita har zamaninmu. Kafin ka yi ciniki, kai shi wurin maƙerin farfaru ya auna: na gaske yana kai giram 28.