Amsoshin Tambayoyinku: Tsare Mutum Ba Tuhuma

Malam Habu daga Funtuwa yana tambaya, shin ya halatta hukuma ta tsare mutum ba tare da tuhuma ba?

To, Malam Habu, a zamanin mulkin soja, Doka ta Biyu ta shekarar 1984 ta ba hukuma ikon tsare duk wanda ta zarga da barazana ga amincin ƙasa har wata uku, in sun cika a sabunta, alhali babu alƙalin da ke da hurumin tambayar hujja. Amma an soke ta a 1999. Yau tsarin mulki ya wajabta kai kamamme gaban alƙali cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu idan kotu na nesa, sai fa wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Kwana ɗaya ko biyu, Malam Habu.