Babur a gindin motar gida: a hau sikeli kafin a hau titi

Janwe ne ya kawo mana ita gareji. Motar gida ce mai tsawon ƙafa 31 a kan shasin Ford E-450, gindinta ya yi ƙasa, gefen dama na baya a yage tun daga kan taya har ƙarƙashin banɗaki. Ina ɗora ido a kanta na gane ta. Mai ita wani dattijo ne ɗan uwanmu, mutumin Nijar da ya daɗe a nan Karolina ta Arewa, ya yi ritaya ya saye ta ta hannu don ya zaga ƙasa da Hajiya da jikoki. Ni na duba masa injinta lokacin ciniki. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, maganar da ta haifi wannan ɓarna a gabana aka fara ta, kuma tun ranar na gaya masa gaskiya.

Tambayar da ya zo da ita ba sabuwa ba ce, duk mai motar gida yana yin ta da zarar ya kwana biyu a sansani. An daidaita mota, an jona wuta da ruwa da bututun bahaya, an buɗe rumfa, sai Hajiya ta leƙo ta ce albasa ta ƙare. To da me za a je kanti? Ban da haka akwai wuraren da babbar mota ba ta shiga ko ka so. Hanyar da ta ratsa tsaunukan gandun Glacier a Montana, misali, duk motar da ta haura ƙafa 21 an hana ta bin tsakiyarta. Don haka ko dai ka ja ƙaramar mota a baya, ko ka ɗora babur.

Jan mota na fara kwance masa. Tasa Honda CR-V ce ƙirar 2017, kuma daga ƙirar 2015 zuwa sama ba a jan CR-V da ƙafa huɗu a ƙasa, giyarta ce za ta tafi. Ko da ya canza ta da wadda ake ja, irin Jeep Wrangler, sai ya sayi sandar ja, a kafa faranti a gaban motar, a sa mata birkinta na daban, a ja wayoyin fitila, dubban daloli kafin ya motsa daga ƙofar gida. Sannan babu ribas. Ka shiga gidan mai da ba ya ɓullewa, sai ka sauko ka kwance komai jama'a na ta danna maka ham. A Kalifoniya kuma duk mai jan wani abu mil 55 a awa doka ta ba shi. Ga tan ɗaya da rabi ko fiye da inji zai riƙa ja a kan kowane tudu. Na ce masa ga mutum biyu da ke son zuwa kanti da masallaci da ɗan zagaye, babur ya fi, kuma har gobe a kan haka nake.

"Amma fa ƙarami, Baba Alhaji," na ce. "Irin Honda Trail 125, kilo 117 ko kusa da haka. Ko Grom, kilo ɗari da 'yan kai. In ka matsa, Yamaha TW200, kilo 126. Nauyin Boxer ɗin acaba dai, kar ka wuce nan. Kuma kafin ka biya kuɗin kowane babur, ka cika tankin mai da na ruwa, ka loda kayanku, ka je ka hau sikeli ka kawo mini takardar."

Ya yi dariya. "Haba ɗana, ni da girmana in goya Hajiya a kan abin wasan yara?"

Takardar sikeli ba ta zo ba. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, a tsaye a cikin gareji, idonsa a ƙasa. Ya sami Honda Shadow 750 da araha a kasuwar Facebook, babur mai kusan kilo 250. Ya sayi gadon babur na ƙarfe mai kilo 45, an rubuta a kwalinsa cewa yana ɗaukar laba 600. Wannan lambar ya gani ya kwantar da hankalinsa. Wadda ke manne a jikin ƙugiyar ja ta motarsa, laba 500 na nauyin da ke danna ta ƙasa, wato kilo 227, bai ko sunkuya ya karanta ba. Da aka ɗora babur gadon ya sunkuya yana rawa. Maimakon ya dawo, sai wani ya kai shi wurin wani mai walda da ke aiki a bayan gidansa. Shi kuma ɗan dagajin ya yanko ƙarafa huɗu, biyu ya manna a bamba, biyu a ƙarshen shasi, ya karɓi kuɗinsa ya ce masa yanzu ko saniya ya ɗora za ta ɗauka.

Sun je Asheville lafiya. A dawowa, a gangaren Old Fort kan titin I-40, wurin da har hanyoyin tsira aka yi wa tirelolin da birkinsu ya tsinke, tayar ciki ta dama ta baya ta fashe. Fatar tayar ta riƙa bulalar ƙasan motar, ta yage tankin ruwan datti, ta tsinka wayoyi, ta lanƙwasa bututun gas. Allah ne kawai ya sa bai huje ba. Ya ce sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba, ya taka birki da ƙarfi, motar ta gogi shingen ƙarfe na gefen titi kafin ta tsaya. Hajiya na zaune a teburin cin abinci babu bel, ta karye a hannu. Jikarsu ƙarama tana barci a gadon can ƙurya, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Da na shiga ƙarƙashi da tocila, a daidai ƙasan gadon da yarinyar nan ke kwance na tsaya. Shasin Ford ba ya kaiwa ƙarshen irin waɗannan motoci, kamfanin da ya gina gidan ne ke ƙara guntun ƙarfe a baya don ya tallafi ɗaki, kuma a wannan ƙarin ƙugiyar ja take. A inda ƙarin ya haɗu da shasi na asali, gefen dama, akwai tsaga da bakin sukundireba ke shiga. Rabinta na sama ya yi tsatsa, na ƙasa ƙarfe ne sabo fes yana ƙyalli. Wato ta daɗe tana tafiya a hankali, kowane rami a titi yana ƙara ta, ranar nan ta kusa gamawa. Bamba kuwa ta yage a wuraren walda biyun. Ai dole. Bututu ne mai faɗin inci huɗu, sirit, an yi shi don a cusa tiyon bahaya a ciki. Wanda zai manna kilo ɗari uku a jikinsa bai san ƙarfe ba, ko kuma ya sani bai damu ba, ban san wanne ya fi muni ba. Waldar ɗige-ɗige ce a kan fenti, ko gogewa bai yi ba, wata ta huda ƙarfen, kuma tazararta da bututun gas ba ta kai kamu ɗaya ba.

Bayan mun sa tayoyi mun ɗora ta a sikelinmu da kayanta yadda suke, babur a kai. Ƙafar baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ta ba mu kilo 4,750. Takardar da ke jikin ƙofar direba ta ce iyakarta laba 9,600, wato kilo 4,354. Tayoyin baya huɗu, in kowace na da iskarta cikakkiya fam 80, jimillar abin da suke ɗauka kilo 4,480 ne. An wuce ƙarfin ƙafar, an wuce ƙarfin tayoyin. Tayar ciki ta ɗaya gefen da ba ta fashe ba na gwada, iskarta 55, saboda bakin bawul ɗin ciki da wuyar kaiwa ba wanda ke duba shi. Lambobi huɗun ƙarshe na jikinta kuma sun nuna ta haura shekara takwas.

Sai Baba Alhaji ya ce, "To ai babur da gadon duka ba su kai ɗari uku ba, ɗana. Ina sauran ya fito?"

Nan ne kusan kowa ke faɗawa. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken jaki da aka loda wa buhuna a gindi har jakin ya ɗage ƙafafunsa na lilo a sama, ya san amsar. Daga ƙafar gaba zuwa ta baya a motarsa kusan mita 5 ne. Daga ƙafar baya zuwa inda babur ke zaune kusan mita 4. Kilo 295 a wannan nisa yana ɗage kilo 236 daga kan ƙafar gaba ya mayar da shi baya, sai ƙafar baya ta ɗauki 531. Shi ya sa sitiyari ya yi sakayau, kuma tayoyin da ke juya mota ke nan aka rage wa kamun ƙasa, a kan gangare. Wannan lissafin mota a tsaye ne ma. In ta faɗa rami tana gudu, bugun da ƙarfen ke sha ya ninka.

Ga abin da ba a son ji. Da Trail 125 ɗin da na ce ya saya, da gadon alminiyam mai kilo 25, ƙafar baya za ta ƙaru da kilo 256. Motarsa ba babur tana kan 4,220 da tankin ruwa cike. Ko ƙaramin ma da ya wuce iyaka da kusan kilo 120, sai ya zubar da ruwan tankin da ke ƙarƙashin gado, lita 150, ya kwashe janareta na ƙari da akwatin kayan aiki ya kai gaba. Takardar sikelin da na roƙa ita za ta nuna mana wannan tun kafin a kashe sisi. Yawancin dogayen motocin gidan nan daga kamfani suke fitowa gindinsu ya kusa cika. Ƙananan da aka gina a kan Mercedes Sprinter kuwa, wasu mutum huɗu da ruwa da abinci kaɗai sun cinye abin da aka ba su.

Lambar kwalin gadon babur ba taka ba ce. Lambar ƙugiya ma a bakin ƙugiyar aka auna ta, ba kamu biyu ko uku can waje inda babur ke zama ba. Lambar da ke yanke hukunci ita ce ta ƙafar baya, kuma sikeli ne kaɗai ke faɗin ta.

Masu sa balan-balan na iska a kan sifirin, ku saurara. Yana ɗaga gindin mota ta yi kyau a ido, ba ya ƙara wa taya ko ƙafa ko shasi ƙarfin ko kilo ɗaya. Kullum sai wani ya shigo mini da ƙirji a buɗe yana cewa ya "ƙara mata ƙarfi". Ba ka ƙara komai ba, ɓoye alamar ka yi. Haka masu sa bututun ƙari a ƙugiya don babur ya kauce wa tsani ko safiya taya: kun ƙara nisa, kun rage abin da za ta ɗauka, sau da yawa da rabi. Kuma don Allah a bar bamba ta huta. Ko keke biyu ina jin tsoron ganinsu a kanta, balle babur.

A duba inda salansa ke hurawa. Na ga tayar babur da ta narke ta gefe ɗaya, na ga igiyar ɗauri da zafi ya cinye saura zare. Igiya huɗu, ba biyu ba, kuma a tsaya bayan tafiyar farko ta 'yan mila a sake ja, don sukan saki. A sa maɗaurin da ke hana gadon kaɗawa a cikin ƙugiya, wannan ƙaramar rawar ita ke cin ƙarfe. In babur ya rufe fitilun baya ko lamba, a sa wasu a jikin gadon. A kula da shiga gidan mai mai tudu, gindin zai ja ƙasa. A rufe makunnin fetur. Lasisin babur daban yake da na mota, hular kwano kuma a jiharmu dole ce. Wasu na ɗorawa a gaban mota, inda sau da yawa akwai sarari a nauyi, amma sai an tabbatar bai toshe wa lagireto iska ba kuma bai kare fitila ba.

Tayar ciki. Na faɗa, zan sake faɗa. A sa mata dogon bawul a riƙa gwada ta kowace safiya kafin a tashi, tana sanyi. In ta yi laushi maƙwabciyarta ce ke ɗaukar kayan biyu, daga waje kuma ba za ka ga komai ba.

Wanda kuma yake yawo da jikoki uku, ko ba ya son ruwan sama ya taɓa shi, babur ba nasa ba ne ko wane iri ne. Ya ja mota yadda ya kamata, ko ya ɗauki haya in ya isa gari. Wanda ransa ke kan Harley ko Gold Wing masu haura kilo 350, tirela zai saya, ba wata dabara.

Ma'aikacin inshora ya zo, hoton farko da ya ɗauka na waldar nan ne. Mai waldar kuwa ya daina ɗaga waya. Ina da tabbacin yanzu haka akwai wata motar a bayan gidansa.

Sikelin CAT yana nan a manyan tashoshin tireloli a faɗin Amurka, dare da rana, kuɗinsa bai kai abincin ranar mutum biyu ba. Ka hau da ruwa da mai da iyali da kaya, ka karɓi takardar, ka gwada lambar ƙafar gaba da ta baya da abin da ke jikin ƙofarka. In ka ɗora babur ka koma ka sake hawa. In ta baya ta wuce, sauke wani abu, kar ka kira mai walda.