Yadda Ake Girka Gyararriyar Manhaja Kai Tsaye Daga GitHub

Kwaro ya bayyana a wani ƙunshin Python da aikinka ya dogara da shi. An kai ƙorafi, masu manhajar sun gyara, gyaran ma yana zaune a rumbunsu na GitHub. Amma sabon fitowa bai iso PyPI ba, inda pip yake ɗebo kaya, kuma hakan kan ɗauki makonni. Ba dole sai ka zauna jira ba.

Fara da ware wa aikin ɗakinsa. Rubuta `python3 -m venv .venv`, sannan `source .venv/bin/activate`. Kada ka taɓa Python ɗin da na'ura ta zo da shi, domin wasu manhajojin tsarin da shi suke tafiya. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, waɗanda suka fito a 2023, pip kan ƙi girka kaya a wajen irin wannan ɗaki, kuma ya yi daidai. Tabbatar akwai Git a kwamfutar. In ƙunshin yana da sassan C, sai an ƙara `build-essential` da `python3-dev`.

Yanzu nemo gyaran, kuma a nan ne hankali ya fi amfani. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana ba kowane canji da aka ajiye lamba tasa mai haruffa da alƙaluma 40. Wannan lambar ita za ka kwafo. Mutane da yawa kan rubuta sunan reshe, kamar `main`, saboda sauƙi. Ni ban yarda da haka ba ko kaɗan. Reshe yana tafiya: abin da ka girka yau ba shi abokin aikinka zai samu jibi ba, sai ku kwana kuna neman dalilin da naka ke aiki, nasa ya ƙi. Lamba kuwa tana nan inda take.

Kafin ka girka, buɗe canjin ka karanta shi layi-layi. Duba ko rumbun na masu manhajar ne na asali, ko kuwa kwafin wani ne da ba ka sani ba. Lokacin girkawa pip yana gudanar da umarnin gini da ke cikin rumbun, da duk ikon da kake da shi a na'urar. Wanda ya tuna ƙofar ɓoye da Andres Freund ya bankaɗo cikin xz a Maris ɗin 2024 ba zai ga wannan karatu ɓata lokaci ba.

Sai umarnin kansa. A ce ƙunshin requests ne:

`pip install --force-reinstall --no-deps git+https://github.com/psf/requests.git@LAMBA`

A gurbin LAMBA ka sa wadda ka kwafo. Kashin `--force-reinstall` yana da dalili: sau da yawa masu gyara ba su canza lambar fitowa ba tukuna, sai pip ya ga iri ɗaya, ya bar tsohon a wurinsa, kai kuwa kana ganin ka gyara. `--no-deps` shi ke hana shi sake taɓa sauran ƙunshin da ke zaune lafiya. In gyaran yana matakin shawara ne, ba a haɗe shi ba, GitHub yana ajiye shi a `refs/pull/NAMBA/head`, inda NAMBA take nufin lambar shawarar, amma nan ma gara ka ɗauko lambar canjin ƙarshe.

Gwada da `pip freeze`. Ya kamata ka ga adireshin rumbun da lambar a gaban sunan ƙunshin. Sannan sake yin ainihin abin da ya janyo kwaron, ka gani da idonka ya tafi.

Saka layin da `pip freeze` ya nuna cikin `requirements.txt`, tare da ɗan bayanin dalili da kwanan wata. Wannan facin taya ne, zai kai ka gari, amma ba a dawwama a kansa. Ƙunshin da aka ɗaure a lamba ɗaya ba ya samun gyaran tsaro da ke biyo baya. Saboda haka ka danna Watch a shafin rumbun, ka zaɓi sanarwar sabon fitowa. Ranar da ya iso PyPI da gyaran a ciki, goge layin, ka mayar da sunan ƙunshin da sabuwar lambarsa.