Turancin Kasuwa da na Asibiti

A Zangon Kumasi mutum yakan tashi da Hausa a bakinsa, ya je kasuwar Kejetia ya yi ciniki da yaren Twi. Amma saƙon MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da rubutun katin shaida na Ghana Card, da kwalin magani, duk da Turanci suke zuwa. Dole mu san shi.

Kada ka tsorata, ka riga ka san da yawa. Asibiti, likita, mota, direba, tebur da bokiti duk daga Turanci Hausa ta aro su.

Wahalar tana wurin furuci. Hausa yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta. Turanci kuwa yana da haruffan da ake rubutawa amma ba a faɗarsu. A kalmar *receipt*, wato rasit, ba a furta *p*. A *knife*, wato wuƙa, ba a furta *k*, sai ka ce "naif". Don haka ka fara jin kalma daga bakin wanda ya iya, ko a rediyo, kafin ka dogara da rubutunta.

Ka kula da lambobi sosai, don nan ne ake asarar kuɗi. *Fifteen* 15 ce, *fifty* kuma 50. A ta farko ana jan ƙarshen kalmar, a ji "tiin". A ta biyu ƙarfin murya yana farko, ƙarshen gajere ne. Tsakanin sidi 15 da sidi 50 akwai sidi 35, ba ƙaramin kuɗi ba ne. In ba ka ji sosai ba, ka tambaya: "One five or five zero?" Manyan 'yan kasuwa ma haka suke yi a waya.

Mu Hausawa mukan haɗa *p* da *f*. Wajen *p*, ka rufe leɓɓanka biyu sannan ka saki iska. Wajen *f*, ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa. Gwada da *pan* da *fan*: ta farko kwanon suya, ta biyu fanka.

Kalma guda kuma takan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya. *Balance* a saƙon MoMo ita ce kuɗin da ya rage maka. A bakin yaron trotro, wato motar haya, canjinka ne. Shi ya sa ya fi kyau ka rubuta kalma tare da jimlar da ka same ta a ciki.

Aikin wannan mako: nemo kwalin magani a gida, ka kwafe abin da ke jikinsa. *Twice daily* na nufin sau biyu a rana, *before meals* kafin cin abinci, *after meals* bayan an ci. Abin da ya shige maka duhu, ka tambayi mai ba da magani, ko ka zo da kwalin aji mu karanta tare.