Awon fitsari ga masu aikin jima da siminti: a yi shi kafin a dawo gida

Da zarar an gama ɗaurin gero, samari da magidanta na Cadakori da ƙauyukan Gidan Runji sukan kama hanyar Maraɗi, wasu su zarce Kano cin rani. Cikinsu akwai masu shiga masana'antun jima na Calawa, Sharaɗa da Bompai. Akwai masu kwaɓa siminti, akwai masu walda. Waɗannan sana'o'i uku suna haɗa mutum da wani sinadari mai suna kurom.

Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jeme fatar jar akuyar Maraɗi, ba da kurom ba. Masana'anta kuwa da gishirin kurom take jima, shi ya sa fatar ke fitowa shuɗi-shuɗi. Kurom iri biyu ne. Wanda ake jima da shi ana ce masa mai lamba 3. Cutarsa da sauƙi, amma yana iya rikiɗa ya koma mai lamba 6 idan aka ƙone tarkacen fata. Mai lamba 6 shi ne mugun. Yana cikin siminti, yana kuma cikin hayaƙin waldar ƙarfen da ba ya tsatsa. Yana cin fatar hannu har ya bar gyambo mai zurfi. Yana huda guringuntsin da ya raba kafofin hanci. Yana taɓa ƙoda. A shekarar 1990, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta tabbatar cewa yana kawo ciwon daji na huhu. Tun 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade shi cikin siminti, kada ya wuce kashi 2 cikin miliyan.

Yaya mutum zai san ya shiga jikinsa?

Kurom yana shiga ta numfashi, ta baki, da ta tsagar fata. Ƙoda ce ke tace shi ta zubar cikin fitsari. Saboda haka ake auna fitsari. Wanda ba ya irin wannan aiki, abin da ake samu cikin litar fitsarinsa yawanci bai kai mikirogiram 1 ba. Mikirogiram shi ne giram ɗaya da aka raba gida miliyan. Ido ba ya ganinsa, kuma launin fitsari ba ya nuna komi.

To, ga inda ya kamata mai karatu ya natsu. Kurom ba ya daɗewa cikin fitsari. Cikin ƴan kwanaki mafi yawansa ya fice. Awon yana faɗin abin da ya shiga jiki a wannan mako ne, ba abin da ya shiga bara ba. Mutumin da ya yi wata biyar a majema, ya dawo Cadakori da faɗuwar damina, ya yi shuka, ya yi noman fari, sannan ya kai fitsarinsa, za a ce masa babu komi. Alhali gyambon yana nan, kuma abin da huhu ya sha ya riga ya sha. Lokacin awo shi ne ranar ƙarshe ta makon aiki, da an tashi daga aiki. Idan an makara, likita na iya neman awon jini, domin mai lamba 6 yana maƙalewa cikin jajayen ƙwayoyin jini har kusan wata huɗu.

Ba da fitsarin ma yana da ƙa'ida. A tuɓe kayan aiki, a wanke hannu da sabulu, a yi shi nesa da ƙurar wurin aiki, cikin robar da ma'aikatan lafiya suka bayar. Ƙura kaɗan daga yatsa ta isa ta ɓata sakamako. Kada kuma a ɗirki ruwa da yawa don a ga an fito da tsabta. Masu awo suna gane fitsarin da ya tsinke, sai su ce a sake.

Ƴar takardar nan da ake tsomawa cikin fitsari a gidan likita na ƙauye ba ta ganin kurom. Sukari take nunawa, da jinin tsargiya, da alamar ciwon ƙoda. Awon kurom sai babban ɗakin bincike mai na'ura ta musamman. A ganinmu, mai masana'anta ne ya kamata ya biya kuɗinsa, ba lebura ba, kuma ma'aikata su nema tare, don murya ɗaya ba ta kai ofis. Idan awo ya fito sama, babu ƙwayar da za a haɗiya ta wanke jiki. Madarar da wasu ke sha bayan aiki ma ba ta kare kowa. Abin da ake gyarawa shi ne wurin aiki: safar hannu ta roba, dogayen takalma, abin rufe hanci mai kyau, iska mai ratsa ɗaki, da cin abinci a waje.

Wanda ya dawo gida da gyambon da ya ƙi warkewa, ko haɓo, ko tarin da ya daɗe, ya tafi gidan likita, ya faɗi aikin da ya yi da yawan watanninsa. Kada kuma ya taho da gangar magani ko buhun masana'anta a matsayin tsaraba. Ba a zuba ruwan sha ko hatsi a cikinsu, ko da an wanke.