Rubutun Hausa a Fuskar Wayar Hannu: Darasi Daga Shafukan Masu Sana'a a Abuja

1.0 Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara sayar da layin wayar salula a Nijeriya. Daga wancan lokaci zuwa yau, wayar ta wuce abin kira da amsa kira, domin ta cikinta ne akasarin jama'a suke leƙa intanet. Magidancin da famfonsa ya fashe a Kubwa, ko uwargidan da ke neman tela a Wuse ana saura mako guda salla, ba kwamfuta za su kunna ba, waya za su ɗauko. Ke nan duk mai sana'ar da shafinsa ba ya karantuwa a waya, tamkar ya buɗe shago ne ya bar ƙofar a garƙame.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta nuna cewa a cikin aikin daidaita shafin intanet da wayar hannu akwai kaso mai tsoka wanda na ɗalibin harshe ne. Za a kawo misalai daga masu sana'o'in hannu na Abuja, irin su teloli da kanikawa da kafintoci da masu walda.

2.0 Shafin da Ya Dace da Waya

Shafin da ya dace da waya shi ne wanda rubutunsa da hotunansa suke buɗewa ko tsukewa daidai da faɗin fuskar na'urar da aka duba shi da ita, ba sai mai karatu ya riƙa jan rubutun hagu da dama ba. Wani Ba'amurke mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, shi ne ya yayata wannan dabara a shekarar 2010. Daga ranar 21 ga Afrilu, 2015, kamfanin Google ya fara fifita irin waɗannan shafuka ga masu bincike ta waya, sannan a watan Oktoba na 2023 ya sanar da cewa ya kammala komawa tsarin auna shafuka da yadda suke fitowa a waya.

Wannan ɓangare aikin masana kwamfuta ne. To amma su mazubi kawai suke ƙerawa. Abin da za a zuba a ciki, wato kalmomi da jimloli, yana hannun marubuci.

3.0 Rawar da Harshe Ke Takawa

3.1 Jeranta Bayani

A wani bincike da Jakob Nielsen ya wallafa a 1997, an gano cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada tsallake-tsallake suke yi idan suna duba shafin intanet, kashi 16 ne kacal suke bin sa kalma bayan kalma. Wannan fa a kwamfuta ne mai faffaɗar fuska, balle a waya inda layi guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kalmomi shida zuwa takwas. Saboda haka wajibi ne farkon shafi ya amsa tambayoyi huɗu: wace sana'a ce, a ina take, yaushe ake buɗewa, kuma yaya za a tuntuɓi mai ita. Dubi waɗannan misalai guda biyu:

(a) Assalamu alaikum jama'a, muna yi muku barka da zuwa wannan shafi namu mai albarka, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Muna farin cikin sanar da ku cewa mun daɗe muna gudanar da harkar ɗinki cikin gaskiya da riƙon amana.

(b) Barka da zuwa. Muna ɗinkin kayan maza a Kubwa: kaftani, babbar riga da jamfa. Muna buɗewa Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Ku danna nan ku kira mu.

Misali na (a) ya ci kalmomi kusan 40 bai faɗi unguwa ko lokaci ba. Na (b) kuwa, da kalmomin da ba su kai haka yawa ba, ya amsa tambayoyin duka huɗu.

3.2 Gaisuwa da Ladabi

Wani zai ce ai Bahaushe ba ya shiga magana sai da sallama. Gaskiya ne, kuma ba a ce a jefar da al'ada ba. Gaisuwa guda ɗaya gajera ta wadatar, sauran ladabin kuma sai a bar wa wakilin suna ya ɗauka. "Ku kira mu" ya fi "ka kira mu" girmamawa, sannan ya haɗa namiji da mace, yaro da babba, tun da mai shafi bai san wanda zai buɗe shi ba.

3.3 Zaɓen Kalmomi

Abuja mahaɗa ce. Ban da Gbagyi da Gwandara da Gade da sauran mazaunanta na asali, akwai mutane daga kowane sashe na ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin masu jin Hausa a kasuwannin Wuse da Dei-Dei da Zuba ba harshen uwa ba ne a gare su. Don haka daidaitacciyar Hausa mai sauƙi ita ce ta fi dacewa, a guje wa karin harshen da ya keɓanta ga yanki guda. Haka kuma a yi amfani da kalmar aro da ta riga ta zauna a bakin mutane. Wanda firijinsa ya lalace "mai gyaran firiji" zai nema, ba zai rubuta "na'urar sanyaya abinci" ba. Idan mai sana'a yana son Hausa da Ingilishi, gara a ware wa kowanne shafinsa da a cakuɗa su a layi ɗaya.

3.4 Ƙa'idojin Rubutu

Tun a shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, amma har yau ana yawan watsi da su a waya. Illar haka a fili take:

ƙira da kira
ƙusa da kusa
ƙaya da kaya
baƙi da baki

Idan maƙeri ya rubuta "kira" a inda yake nufin "ƙira", ya sauya sana'arsa baki ɗaya. A da ana iya kawo uzurin cewa waya ba ta da waɗannan haruffa. Yanzu kuwa suna cikin tsarin Unicode, kuma allon rubutu irin su Gboard yana da Hausa. Sai dai a kula da abubuwa uku. Na farko, ba kowane samfurin haruffa ne yake ɗauke da su ba, shi ya sa wani lokaci ake ganin ɗan akwati a gurbin ƙ, don haka a gwada shafin a wayoyi daban-daban, har da masu araha. Na biyu, mutane da yawa ba sa sa ƙugiya in suna bincike, saboda haka a nemi shafin da "ɗinki" da kuma "dinki" a tabbatar yana fitowa. Na uku, saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai ƙugiya guda ya shiga sai adadin ya koma 70, abin da ke ƙara kuɗin aikawa.

Bugu da ƙari, a kiyaye raba kalmomi da haɗa su: "za mu" ake rubutawa ba "zamu" ba, "muna" ba "mu na" ba, "ba ta" kuma daban take da "ɓata".

3.5 Kwatance

A Abuja kuskuren kalma guda yana iya sa mutum ya yi asarar kuɗin mota. Wuse 2 daban take da Wuse Zone 2. Akwai Karu ta cikin Babban Birnin Tarayya, akwai kuma ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, inda Mararaba take. Ana rubuta Gwarinpa ana kuma rubuta Gwarimpa, wanda ɗalibin tsarin sauti ya san naso ne ya jawo, domin /n/ takan koma [m] a gaban baƙin leɓɓa. Kanikancin da ya ce yana Apo bai gama magana ba, sai ya faɗi layi da lambar shago da wata alama sananniya, kamar masallaci ko gidan mai. Mai zuwa gida ya yi aiki kuwa, sai ya lissafa unguwannin da yake zuwa.

4.0 Abubuwan da Za a Faɗa wa Mai Tsara Shafi

Marubuci ya nemi a sa lambar waya yadda in an taɓa ta za ta kira kai tsaye, haka ma WhatsApp. Kada a zuba farashi da adireshi a cikin hoton takardar talla, domin rubutun cikin hoto yana ƙanƙancewa a waya, kuma ba ya kwafuwa cikin sauƙi. A rage nauyin hotuna saboda data kuɗi ce. Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba.

5.0 Aikin Gwaji

Kowane ɗalibi ya sami mai sana'a guda a Gwagwalada ko unguwarsu, ya saurari bayanin aikinsa, sannan ya rubuta shi cikin kalmomin da ba su wuce 50 ba. Ya tura wa abokinsa ta waya, ya ba shi daƙiƙa 10, sa'annan ya yi masa tambayoyi huɗun nan na sashe na 3.1. Duk wadda ya kasa amsawa, a nan gyara yake.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa jeranta bayani da zaɓen kalma da kiyaye ƙa'idojin rubutu da iya kwatance su ne suke sa shafi ya yi amfani a waya. Duk waɗannan abubuwa ne da muke koya a aji. Sau da yawa akan tambayi ɗalibin Hausa abin da zai yi da digirinsa. To ga amsa guda: telan Kubwa da kafintan Kugbo sun iya aikinsu, amma suna bukatar wanda zai bayyana shi daidai cikin layi biyar. Allah Ya sa mu dace.